Madacin da muka rasa a harabar asibiti

Ranar Green Ghana ta farko, wato ranar dashen bishiyoyi a faɗin ƙasar Ghana, 11 ga Yunin 2021, ƙungiyarmu ta matasan unguwar Nima ta karɓo dashe daga hukumar kula da gandun daji, muka kai wani ƙaramin asibiti a nan Accra inda ƙanwata take aikin jinya. Dogon yaro ne da mangwaro da 'yan zogale. Batun rami da shinge saboda awaki da ban ruwa lokacin hunturu duk mun yi, kuma yawancinsu sun kama, alhamdu lillahi.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne tsohon madacin da ke bayan ɗakin haihuwa.

Wanda ya taɓa jinya ya san darajar irin wannan bishiya. A ƙarƙashinta masu jiran mara lafiya suke shimfiɗa tabarma, nan ake cin abinci, nan ake sallar azahar, nan mai naƙuda take zagaye kafin a kira ta. Wani likita a wurin ya taɓa ba mu labarin binciken da Roger Ulrich ya wallafa a 1984 kan wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka: waɗanda aka yi wa tiyatar matsarmama, tagarsu na kallon bishiyoyi, sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar su ba. Dashenmu sai ya shekara da shekaru kafin ya ba da irin wannan inuwa. Madacin kuwa yana bayarwa kullum, ba ya neman ko bokitin ruwa.

Ashe ana sassaƙarsa. Ta gefen da ke fuskantar katanga ake yi, inda ido ba ya kaiwa. Wannan ya yanki ɓawo kamar faɗin tafin hannu don zazzaɓi, wancan ya yanka don ciwon ciki, har yankan ya zagaye gindin ya haɗe. Wata safiya na tarar da wata tsohuwa da 'yar wuƙarta, ta cika bakin zane da jan ɓawo. Na ce, "Mama, don Allah ki bari, kashe shi ake yi." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai ga ganyensa kore shar. Jikata ce a kwance." Ban iya yi mata faɗa ba, kuma ban ga laifinta ba. Laifin na waɗanda suke zuwa da adda da buhu ne da dare, su kai kasuwa.

Koren ganyen nan shi ne yake yaudarar kowa. Ruwa yana hawa ta cikin itacen, don haka ganye ba ya saurin nuna komai. Amma abincin da ganye yake haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Da zarar an zagaye gindi, an yanke wa saiwa abinci, sai ta yi ta mutuwa a ƙasa watanni ba wanda ya sani. Da damina ta dawo, rassan sama ba su tofo ba. Daga baya wani busasshen reshe ya faɗo dab da benci, dole hukumar asibiti ta kira masu injin yanka. Kuɗin sarewar kaɗai ya fi duk abin da muka kashe a kan dashe. Yanzu da rana tsaka matan nan a baranda suke cunkushewa, rufin kwano na gasa su.

Saura madaci biyu a bakin ƙofa, su muka ceto. Mun zagaye gindinsu da ragar waya har sama da tsayin mutum, mun bar tazara don kada ta shiga jikin itace idan ya yi kauri. Mun roƙi masu gadi su riƙa leƙawa da dare, limamin masallacin asibiti kuma ya yi magana bayan sallah. Inda aka riga aka yanka, ba mu shafa baƙin mai ko fenti ba, mun bar bishiya ta rufe rauninta da kanta. Mun kuma hana ajiye mota a kan saiwarsu.

Duk ƙungiyar da za ta kai dashe asibiti, kafin ku haƙa rami ko ɗaya, ku zagaya kowace tsohuwar bishiya da ke harabar, ku shafa gindinta da hannu, musamman ta bayan da ke kallon katanga.