Sunan da Muka Yanke a Jikin Hoto

Shagona yana Fagge, a Kano. Muna yin bana da fosta da kalanda da katin gayyatar biki, har da 'yar takardar da ake liƙawa a jikin robar zoɓo ko kunun aya. Ni ne da yara uku da kwamfuta biyu. Manhajojin zane na CorelDraw da Photoshop su ne fartanyarmu. Babban injin bana ba mu da shi, kaiwa muke yi a buga mana.

Rabin aikin nan neman hoto ne. Mai gidan abinci zai ce a sa masa shinkafa da kaza a bana, amma hannu rabbana ya zo. A da, sai mu shiga Google mu ɗauko wanda ya kwanta mana a rai. In akwai tambarin kamfanonin sayar da hoto irin su Shutterstock ko Getty Images a gicciye a kai, a zauna a goge. Yaron da ya fi iya gogewa ma shi ake yaba wa.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya ba mu aikin kalanda 500, yana son hoton Hawan Daushe. Muka samu wani a Facebook: mahaya sun sha rawani, dawakai sun sha ado, ƙura ta tashi a bayansu. Akwai sunan mai ɗaukar hoton a kusurwar ƙasa. Ni da bakina na ce a yanke wurin.

Bayan kamar wata biyu wani matashi ya yi sallama, riƙe da kalandar a naɗe. Bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, aikinku ne wannan?"

Na ce namu ne.

Ya ce, "Tun azahar nake tsaye a Ƙofar Kudu, cikin rana da turmutsitsi, kafin na samu wannan guda ɗaya. Kyamarar ma ban gama biyan kuɗinta ba. Sunana kaɗai na sa, shi ma kun cire."

Maganar ta tsaya mini a ƙirji. Ni da nake jin zafi in wani shago ya kwafi zanen katin da na kwana ina haɗawa, ga shi na yi wa ɗan wani abin da ya fi haka. Na ba shi haƙuri, muka daidaita a kan kuɗi, na biya daga aljihuna, don kwastoman ba shi da laifi.

Daga baya na bincika na gane abin ya wuce rashin kyautawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, tana kare hoto har shekara 50, kuma ta hana cire bayanin da ke nuna mai abu. Akwai hukumar da ke kula da wannan, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya (NCC). Ba sai mutum ya yi rajista ba kafin hotonsa ya zama nasa, da zarar ya ɗauka shi ke nan. Tambari shaida ce kawai, irin wadda makiyayi ke yi wa saniyarsa. Hoton da ba shi da tambari ma yana da mai shi.

Yanzu in aiki ya zo, muna fara duba shafukan hotuna na Pexels da Unsplash da Pixabay, inda aka yarda a ɗauka kyauta har don kasuwanci. Sai dai hotunan mutanenmu da abincinmu ba su da yawa a can. Ka nemi tuwo da miyar kuka ka gani. Masu lasisin Creative Commons kuwa, wato hotunan da masu su suka yarda a yi amfani da su bisa wasu ƙa'idoji, sai an karanta sharaɗi, wani a rubuta sunan mai shi, wani an hana neman kuɗi da shi gaba ɗaya. Har ta fuskar aiki ma hoton mai tambari bai da amfani, samfuri ne ƙarami, da an ja shi zuwa girman bana sai ya farfashe.

Inda nake shan fama shi ne da kwastomomi. "Haba Alhaji, ai a intanet yake!" Wasu sun tafi wani shagon, na sani, kuma abin yana yi mini ciwo. Masu abinci dai na samo musu hanya: ina tura yaro da waya ya ɗauki girkinsu a bakin taga, inda haske ke shigowa, kuma bana ta fi kyau da tuwon gidan. Hotunan hawa kuwa, wajen matashin nan nake saya. A wannan shekarar ya kawo mini guda 12 na zaɓi 4, sunansa na nan a ƙasan kowane shafi.