Abin da 15 ga Janairu ta koya mini a aikin rediyo

A gidajen rediyo da yawa akwai wani ɗan gurbi na 'yan mintoci da ake kira rana irin ta yau, inda ake karanto abubuwan da suka auku a tarihi a kwanan watan da ake ciki. Sabon ma'aikaci aka saba ɗora wa shi, don ana ganin ba shi da wuya: ka shiga intanet, ka kwaso sunaye da shekaru, ka mayar da su Hausa, ka miƙa wa mai gabatarwa. Ni ma a nan aka fara ajiye ni, kuma akasarin abin da na sani game da hulɗa da tarihi a wannan gurbin na koye shi.

Ranar da ta fi ba ni aiki ita ce 15 ga Janairu. Jerin intanet zai kawo maka haihuwar Gamal Abdel Nasser na Masar a 1918, da ta Martin Luther King na Amurka a 1929, da buɗe Wikipedia a 2001, da jirgin saman da ya sauka a kan kogin Hudson a 2009. Juyin mulkin Najeriya na 1966 layi ɗaya ne a ciki, tsawonsa daidai da na jirgin. Wanda ya tsara jerin bai yi laifi ba, mutanensa ya rubuta wa. Amma mai sauraro a Sakkwato ko Bauchi ko Maiduguri ba zai yafe maka ba idan ka karanto masa haka.

A daren Juma'a wayewar Asabar ɗin nan ne sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka gidan Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna, inda Gidan Arewa yake a yau, suka kashe Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da uwargidansa Hafsatu. A Kadunan kuma aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa. A Ibadan aka kashe Firimiya Samuel Ladoke Akintola. A Legas aka tafi da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Balewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, da Laftanar Kanar Abogo Largema, James Pam da Arthur Unegbe. Minti uku ba za su ɗauke wannan duka ba, dole ka zaɓa. Duk sunan da ka tsallake kuwa akwai gidan da suke kasa kunne su ji shi. A nan na gane cewa mai haɗa jerin alƙalanci yake yi, ko ya sani ko bai sani ba: wa zai fara zuwa, wa za a ba jimla biyu, wa za a cusa cikin "da sauransu". Na tsani wannan "da sauransu" ɗin idan ana zancen mamata.

Sannan ranar ba ta 1966 kaɗai ba ce. A 15 ga Janairun 1970 ne Philip Effiong, mataimakin jagoran Biyafara, ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas, yaƙin basasa ya ƙare a hukumance. Dalilin da ya sa kenan aka ɗauke ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba aka mayar da ita nan, ake ajiye furanni a Abuja ana sakin tantabaru. Wato da safe guda tsohon soja yana tuna abokansa da suka kwanta dama a fagen daga, dattijo a Rabah yana tuna Gamji, wani a Enugu yana tuna yunwar da ta cinye ƙannensa. Duk rediyo ɗaya suke iya kamawa. Na koyi faɗin abin da ya faru da sunan wanda ya aikata da wanda aka yi wa, ba tare da na ƙara gishiri ba, don abin da kansa ya isa nauyi.

Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da wani dattijo ya kira bayan shiri. Ya ce, "Ɗana, kana ta Janairu Janairu. Mu dai cikin azumi muka san an yi abin, muna goman ƙarshe, ko ɗinkin salla ba mu karɓo ba." Na ce, "Baba, haka ne, Allah ya ƙara girma." Da na lissafa sai ga shi, a watan Ramadan na shekarar 1385 aka yi. Tun da shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, ranar da wannan dattijo yake yi wa Sardauna addu'a tana zagaya damina da rani, ba ruwanta da kalandar ofishinmu. Mutanenmu ma dama ba da lamba suka saba riƙe lokaci ba. Ka tambayi tsohuwa shekarunta, sai ta ce an haife ta shekarar zuwan Sarauniya, wato 1956, ko ta yi aure shekarar canjin hannu, 1972, ko ta haifi ɗan fari lokacin da aka bar fam aka koma naira a 1973. Tun daga nan, idan abu ya shafe mu kai tsaye, nakan haɗa da watan Musulunci da yanayin da ake ciki, sanyi ne ko bazara, azumi ne ko bayan salla.

Ita kanta lambar da ke rubuce ba kullum take tsaye da ƙafafunta ba. Littattafai suna sa rasuwar Tafawa Balewa a 15 ga wata, alhali sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, kafin a kai shi Bauchi. Effiong kuma tun 12 ga wata ya yi sanarwar ajiye makamai ta rediyo, bayan jagoran Biyafara Ojukwu ya fice zuwa Kwaddebuwa. Bikin miƙa wuya ne aka yi a 15. Saboda haka kafin in rubuta "a rana irin ta yau", sai na tambayi kaina: ranar da abin ya faru ce, ko ranar da aka sanar, ko ranar da aka sa hannu?

Akwai kuma jarabar neman asiri a cikin dacewar ranaku, wadda masu kiran waya suke matuƙar so. A 29 ga Yulin 1966 aka yi juyin mulkin ramuwar gayya, aka kashe shugaban ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi a Ibadan, abin da ya kai Gowon kan mulki. A 29 ga Yulin 1975 aka hamɓarar da Gowon ɗin yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, Murtala Muhammed ya hau. Duk shekara sai wani ya bugo ya ce ai da walakin goro a miya. Abin da nake da hujja a kansa shi ne Gowon ba ya ƙasar ranar da aka hamɓarar da shi, kuma Kanar Joe Garba, wanda dakarun tsaron fadarsa ke hannunsa, shi ya karanta sanarwar. Iyakar abin da nake sa wa mai gabatarwa a takarda kenan, sauran in bar wa masu kira su yi ta muhawara har lokacin labarai ya yi.