Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙodar da Na Yi Alkawarinta

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya tara mu a zauren gidanmu na Daura, ya ce dashen ƙoda kaɗai ya rage wa Yaya, na ɗaga hannu tun bai rufe baki ba. Kada ku ɗauka jarumta ce. Wata bakwai kenan ina raka Yaya wankin ƙoda Katsina, sau biyu a mako, awa huɗu-huɗu jininsa na zagaya cikin na'ura, mu dawo ta Mashi yana kwance a bayan mota ko ruwa ba a bari ya sha son ransa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an roƙe shi ba.

Kano aka tura mu, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002. Ni a tunanina jini za a ɗiba sau ɗaya a ce zo ka kwanta. Ashe mai bayarwa ya fi mara lafiya shan bincike. Da farko aka keɓe ni a ɗaki, ba Kawu ba kowa, aka tambaye ni ko wani ya matsa mini, ko an yi mini alkawarin kuɗi, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin mutum. Na ce uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya biya mini kuɗin makaranta. Rukunin jinina O ne, nasa B, mai O kuwa yana ba kowa. Ciwon hanta babu, ƙanjamau babu, suga daidai, jini bai hau ba. Duk takardar da ta fito sai na kira Inna na karanta mata, ta yi ta hamdala.

Akwai gwajin da har yau in na tuna sai na yi dariya. Jarka aka ba ni aka ce na tara fitsarina na awa 24, na zubar da na farkon safiya, sauran kuwa ko ɗigo kada ya tsere. Haka na wuni da jarkar nan a baƙar leda kamar mai sayar da fetur a bakin titi. Wani abokin ɗakin da na sauka ya tambaye ni ko zuma ce na kawo daga Daura. Na ce e, ta musamman ce.

A cikin fitsarin nan aka fara ganin abu: ɗan jini da ido ba ya gani. Likita ya tambaye ni ko na yi wanka a kududdufi ina yaro. Wa bai yi ba? Tsargiya ce, ƙwan tsutsar na nan. Aka auna nauyina aka ba ni ƙwayoyin praziquantel, aka ce ba abin da zai hana. Na ɗauka ƙarshen mamakin kenan.

Ranar hoton ciki, mai ɗaukar hoton yana ta zolayata a kan sanyin man da ya shafa mini. Ya duba dama ya ce Masha Allahu. Ya dawo hagu, sai zolayar ta tsaya. Ya ce na juya, na ja numfashi na riƙe. Ya danna ƙasan haƙarƙarina, ya gangara har mara, ya sake hawa. Can ya ce, "Malam, an taɓa yi maka aiki?" Na ce ko ƙarin ruwa ba a taɓa yi mini ba. Ya fita ya kira wani, suka tsaya suna kallon allon, ni ina kwance riga a ƙirji ina ƙirga fankar silin.

Suka ce wani lokaci ƙoda takan maƙale a ƙasa, wajen mara, don haka sai an yi babban hoton nan na siti sikan. Aka yi. Bayan kwana biyu likita ya zaunar da ni ya juyo mini da kwamfuta. Ƙoda ɗaya ce a dama, ƙatuwa, ta fi ta sauran mutane girma saboda tun ina ciki ita kaɗai take aikin biyu. Hagu wayam. Ba cirewa aka yi ba, ba lalacewa ta yi ba, ba a halicce ta ba ne. Ya ce a cikin mutum 1,000 akan sami kamar ɗaya haka, da yawa har su tsufa ba su sani ba. Shekarata 34 ina yawo da ita.

Ya ci gaba da lissafi: na rage gishiri, na riƙa auna jini da fitsari duk shekara, na rabu da diclofenac da ibuprofen da nake saye a kemis duk sanda baya ya riƙe, na bar jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke cikinsu ba. Ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Abin da na iya cewa kawai, "Likita, to Yaya fa?"

Ya ce sakamakon sirrina ne, su abin da za su gaya wa dangi shi ne ban dace da bayarwa ba, ba ƙari. Na gode masa. Sai da muka wuce Ɗambatta abin ya faɗo mini: tun ranar farko an gaya mini cewa ko ni na fasa don kaina, wannan maganar za su faɗa don su rufa mini asiri. Kuma Kawu ya san da haka, ni da bakina na ba shi labari.

Bayan isha'i na isa gida. Inna na kan tabarma da carbi, matar Yaya na kwashe tuwo. Na ce an ce ban dace ba. Inna ta yi shiru, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Matar Yaya ba ta ɗago ba, mara a hannunta, ta ce, "Ai dama ba kowa ke iyawa ba." Takardar hoton na aljihun rigata, a ninke huɗu, na kasa fito da ita a gaban Inna.

Daga ɗaki Yaya ya kira sunana da muryar nan tasa da ta dushe, ya ce na shigo na rufo ƙofa.

Za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.