Karen gadi tun yana kwikwiyo ake gina shi

A wurinmu da ke bayan garin Kaduna muna kiwon karnukan gadi, muna kuma horar da na mutane. Duk wanda ya zo, maganata ɗaya ce: kawo mini kwikwiyonka yana ɗan sati 8, kada ka bari sai ya shekara. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 ne kwikwiyo ke karɓar duk abin da ya tarar ba tare da tsoro ba. Ƙarar janareta, babur, awaki, yara masu guje-guje, mace cikin hijabi, dattijo cikin babbar riga, abin da ya saba da shi a wannan tsakani ba zai firgita shi ba in ya girma. In lokacin ya wuce, gyaran sai an sha wuya.

A hannun kawuna na fara, Allah Ya jiƙan sa, mafarauci ne. Ban taɓa ganin ya ɗaga sanda a kan kare ba. Yakan zaunar da ni gaban karya da 'ya'yanta ya ce in zuba ido. Idan ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya bar wasan, shi kuma mai cizon ya gane ya wuce gona da iri. A nan kare ke koyon auna haƙorinsa, kuma babu mai horon da zai koya masa wannan kamar 'yan'uwansa. Shi ya sa raina ke ɓaci da masu tallan kwikwiyo a bakin titi, su raba shi da uwarsa yana sati 4 ko 5, su haɗa maka da katin rigakafin da ko allura ɗaya ba a yi ba. Bayan 'yan kwanaki cutar fabo ta kama shi, amai da gudawar jini, sai a rugo wurina. Namu likitan dabbobi ne ke fara musu allura tsakanin sati 6 da 8, a maimaita har wajen sati 16, ta haukan kare kuma a wata 3.

Horon kansa ba ya wuce minti biyar a zama ɗaya, safe da yamma, kafin a ba shi abinci. Ina riƙe da 'yar dafaffiyar hanta a tafin hannu. In na ce ya zauna, gindinsa na taɓa ƙasa nake miƙa masa, don in aka yi jinkiri ko kaɗan ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Da Hausa muke ba da umarni, zauna, zo, kwanta, bari, domin da ita maigadi da yaran gida za su yi masa magana. Kullum sai na taɓa kunnensa, na buɗe bakinsa, na riƙe ƙafarsa, na sa hannu cikin kwanonsa yana ci. Na fi daɗewa a kan "bari", saboda namijin Boerboel, wani irin ƙaton karen gadi, yana iya haura kilo 60, kuma ranar da ya kama wani abu kalmar nan kaɗai ce za ta sa ya saki.

Masu kwaikwayon sana'ar su ne suka ɓata kasuwa. Su kulle kwikwiyo a keji mai duhu, su doke shi, su zuba masa barkono a abinci, wai don ya yi zafi. Matsoraci suke fitarwa, wanda zai ciji ɗan mai gida ya gudu in ɓarawo ya diro. Amma da na faɗi kuɗina sai in ji, "Haba Malam, kare ne fa, wane ya ce zai yi mini a rabin haka." Nakan ce, "Alhaji, je ka sa hannu a kwanon karen da ya horar tukuna."

Sharaɗinmu shi ne mai kare da wanda zai riƙa ba shi abinci su zo duk mako a yi horon tare da su. Wanda ba zai iya ba, ba ma karɓar kwikwiyonsa.