Tambayar farko da ta yi min

Yau da asuba aka fito da ƙanwata daga ɗakin tiyata. Tana buɗe ido ko ruwa bata nema ba, sai ta kama hannuna tace "Yaya, sun juya min mahaifa ko?" Wallahi sai da hawaye ya zubo min. Ciki ne da ita bai kai wata biyu ba, tun jiya take ciwon mara ta gefe ɗaya da ɗigon jini, mu muna ta cewa laulayi ne har Inna ta jiƙa mata magani, sai da jiri ya kada ta kafaɗarta ta fara ciwo sannan muka kwashe ta daga unguwar Mabera zuwa asibiti. Hoto ya nuna cikin ba a mahaifa ya zauna ba, a bututun ƙwai ya maƙale har ya fashe, jini na zuba ta ciki.

Likitar, Allah ya saka mata, ta zauna bakin gado ta zana mata a bayan kati. Tace bututu biyu ne, a nan ƙwai ke haɗuwa da maniyyi, sai ya gangara mahaifa cikin 'yan kwanaki ya manne, nata ne ya tsaya a hanya kuma can babu wurin girma. Ɗaya kawai suka cire, ba ɗaure mata suka yi ba, mahaifarta lafiya lau, da ɗayan ma tana iya samun ciki. Sai naga ta saki hannuna a hankali tayi barci. Ni har yanzu awannin da muka ɓata a gida ne suke tsaya min a rai.