Godiya ga waɗanda suka riƙe mana gona da tukunya bayan rasuwar ɗanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi sadakar arba'in ta ɗanmu kuma ƙanenmu, matashin nan mai gidan abinci da mutanen Garwa da yawa suka ci tuwonsa, wanda Allah ya karɓi abinsa a ƙarshen watan Satumba bayan gajeriyar jinya. Ya rasu ya bar mahaifansa biyu, da matarsa, da 'ya'ya ƙanana. A madadin Baba da Inna, da baffanni da gwaggwanni da kawunnai, da mai takaba, muna miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana.

Mun gode wa liman da jama'ar masallacin unguwa da suka yi masa sutura da salla, da samarin da suka haƙa kabari cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙarshen damina. Mun gode wa ma'aikatan asibitin da suka kwana a kansa. Mun gode wa mai unguwa, da maƙwabta Hausawa da Fulani, da maƙwabtanmu Kirista da suka kawo kujeru da tabarmi suka zauna da mu kwana uku, da 'yan'uwan da suka taso daga Marwa, Ngaundare, Kusuri, Njamena da Yola. Wanda ya bugo waya, da wanda ya turo gudummawa ta Orange Money ko MoMo bai ma faɗi sunansa ba, Allah ya san ku, ya saka muku.

Amma akwai godiyar da sai an yi mata bayani kafin a gane nauyinta. Marigayi ya rasu ne daidai lokacin dashen masakwa, wato dawar rani da ake dasawa bayan ruwa ya janye, kuma masakwa ba ta jiran a gama makoki.

Gonar gado ce, karal, baƙar laka a fadamar Mayo Kebbi wajen Pitowa, wadda kakansa ya noma, mahaifinsa ya noma, shi ma bai taɓa barin ta ta kwana ba duk da cewa kasuwancinsa a cikin gari yake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, ambaliyar Binuwai ba ta ƙara shan fadamu kamar da ba, saboda haka manomin masakwa ya koma dogara da 'yan kunyoyin da ake ɗagawa a kewaye fili don su tare ruwan sama ya jiƙa laka har can ƙasa. Marigayi ya gyara nasa tun kafin damina ta yi ƙarfi. Iri kuma ya yafa shi kashi uku daga tsakiyar Agusta, da tazarar kamar kwana goma tsakaninsu, domin ba mai sanin ranar da ruwa zai janye, kuma duk ranar da ya janye ana so a samu irin da ya kai. Irin dashe yana kaiwa ne tsakanin kwana 30 zuwa 40, tsayinsa kamar kamu ɗaya. Idan ya wuce haka a makwancinsa sai ya fara yin gaɓa, in an dasa shi ya yi saurin fitar da kai, zangarniyar ta fito 'yar ƙarama. Ita ma ƙasar tana da nata lokaci: a dasa tana cike da ruwa saiwa ta ruɓe, a makara ta bushe ta tsattsage, saiwar ba za ta cim ma laima ba. Tsakanin wannan da wancan 'yan makonni ne kawai.

A cikin waɗannan makonnin muna zaune a kan tabarmar gaisuwa. Manoman da ke maƙwabtaka da gonar, da abokansa na ƙuruciya, da 'ya'yan Baffa, su suka haɗa gayya ba tare da mun roƙa ba. Suka sare ciyawa, suka bar ta ta bushe, suka ƙone. Suka cire iri da yamma, suka datse kan ganyen don kada rana ta tsotse shi, suka rage tsawon saiwa, suka jera dammunan a inuwa gindinsu cikin ruwa har safiya. Washegari masu ƙarfi suka shiga gaba da turakun huda ƙasa, rami mai zurfin kusan taƙi guda, taki ɗaya tsakanin rami da rami. Mata da yara na biye da bokiti suna zuba ruwa kamar kofi ɗaya a kowane rami, na baya suna saka iri biyu-biyu. A wannan tazara, kar ɗaya, wato rubu'in hekta, fili mai mita 50 a kowane gefe, yana cin rami wajen 2,500. Duk wanda ya taɓa ɗaga turken nan ya caka a laka daga hantsi zuwa azahar ya san abin da kuka ba mu. Bayan mako guda wasu suka koma suka cike guraben da fara ta cinye. Yanzu dashen ya kama, ya yi kore. Saura tsaron dabbobi, sannan korar tsuntsu idan ƙwaya ta fara nono, kafin girbi wajen Fabrairu in Allah ya kai mu. Allah ya sa wannan gumi a mizaninku.

Muna dagewa a kan gonar ne domin gidan abincin daga cikinta ya fito. Garin tuwon daga rumbun gidanmu yake, gyaɗar miya daga gonar Kawu, yakuwa da kuɓewa da lalo daga bayan gidan Goggo, albasa daga lambun marigayi. Abin da yake saye a kasuwa kaɗan ne, kuma wannan ne ya sa farashin kwanonsa bai riƙa tsalle ba duk lokacin da hatsi ya hau a kasuwar Ngong.

Godiya ta musamman ga matan kicin da yaran da ke kai abinci. Kwana bakwai ƙofa tana rufe ga masu saye, amma wuta ba ta mutu ba, domin su suka ciyar da masu zuwa gaisuwa, ba su karɓi ko sisi ba. Da aka sake buɗewa kuma suka riƙe tsarinsa yadda ya bar shi. Masu saye da dama sun tambaye mu yadda aka yi ɗanɗano bai sauya ba, wasu kuma masu sana'a irin tasa sun nemi mu faɗi yadda yake yi. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma shi kansa bai taɓa rowar sa ba.

Masara sai an surfa, an wanke, an jiƙa ta kwana ɗaya, an shanya ta sha iska kafin a kai inji. In an niƙa da sauran danshi a zuba a buhu, gari yana ɗumama ya yi wari cikin kwana biyu, don haka ba a niƙa fiye da na kwana uku. A tankaɗe, a ware tsakin don talge. Awonsa kwano ɗaya na gari ga ruwa kwano biyu da rabi, kuma ana ɗebe ruwan zafi a ajiye gefe tun kafin a yi talge, saboda in tuwo ya yi tauri da shi ake sassautawa, ruwan sanyi yana sa gudaji. Inda yawancin masu sayarwa ke faɗuwa shi ne gaggawar tuƙi. Talge sai ya dahu kamar minti 20 yana ɓararraka kafin a fara zuba gari. Wanda ya tuƙa a kan ɗanyen talge zai ga tuwonsa lafiya da safe, amma kafin la'asar ya saki ruwa a cikin leda ya fara tsami. Bayan tuƙi a rage wuta, a rufe, a bar shi ya sulala minti 10, a sake juyawa sannan a malmala a jera a kula. Tuwon masakwa ya fi na masara shan ruwa da son wuta, kuma tsofaffi da direbobin manyan motoci masu bin hanyar Ngaundare zuwa Njamena shi suke nema, domin yana riƙe ciki.

Miyar yakuwa ita ce ta fi tafiya. Ana tafasa ganyen a zubar da ruwan farko don rage tsami, sannan a haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ta riga ta dahu har mai ya taso. Kanwa kaɗan ce, jiƙaƙƙiya, ruwan saman kawai ake tsiyayewa. In ta yi yawa miya ta yi baƙi, ta kuma ɓata wa mutane ciki, kuma mai saye ba ya dawowa ya faɗa maka, sai dai ka daina ganinsa. Kuka ba a zuba ta a kan wuta mai ƙarfi: a janye itace, a riƙa barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi. Kuɓewa kuwa ba a rufe ta bayan an zuba, in an rufe yauƙin ya tsinke. Shinkafar Yagwa da yake saye buhu-buhu tana da daɗi da auki, sai dai dole a rege ta a ƙwarya sau biyu saboda tsakuwa.

Ga masu kawo mana kifi daga Lagdo, mun gode da kuka ci gaba da sauke kaya a ƙofa kuna cewa a biya bayan arba'in. Marigayi ba ya karɓar karfasa ko giwan ruwa sai ya ɗaga marfin kunne ya ga ja, ido garau, ya danna tsoka ta dawo. Ana feɗe shi nan take, domin daga ciki yake fara lalacewa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ƙanƙara daidai nauyin kifi ake sawa, a jera hawa-hawa, kuma kular ta kasance da hanyar tsiyayar ruwa don kada kifi ya kwanta a narkakkiyar ƙanƙara. Bai yarda da firiza a matsayin rumbu ba, tunda ana iya ɗauke wuta da dare ba wanda ya sani, nama ya narke ya sake daskarewa. Shi ya sa naman yini guda kawai yake karɓa daga mahauta kowace safiya. Mun gode wa mahautan da suka riƙe wannan alkawari, ba su tura wa yaran naman jiya ba don sun ga maigida ba ya nan. Suya da man auduga na Diamaor ake yi, miya da man gyaɗa na gida, kuma duk man da ya fara kumfa ko ya yi duhu an gama da shi. Zoɓo da ruwan da aka tafasa ake jiƙa shi, buta da sabulu kuma suna bakin ƙofa rani da damina, domin garin da ya san kwalara bai kamata a yi wasa da wannan ba.

Ba a zubar da komai. Ƙanzo da ragowar tuwo na almajirai ne, ana ba su tun da sauran ɗumi. Dusar surfe da ruwan wankin hatsi na raguna ne, takin ragunan kuma lambu ake kai shi.

Lambun albasar ma bai tsaya ba, kuma wannan aikin ƙannensa ne da mai gadin lambu. Sun yafa iri a Oktoba, yanzu ana jiran ya kai kwana 40 zuwa 45 a dasa a fangali, tazarar yatsu huɗu zuwa biyar. Muna tuna musu a bainar jama'a abin da yayansu yake yawan faɗa, don shi ne ke raba riba da asara. Kada a cika takin yuriya, domin yana kumbura albasa ta yi kyan gani amma ba ta ajiyuwa. Idan wuyan ganye ya fara kwanciya a yanke ban-ruwa kamar mako biyu kafin cira. A shanya a inuwa har wuya ya bushe sarai kafin a yanke ganye. A ajiye a kan rumfa mai shan iska ta ƙasa, ba a tula ta a buhu ba, kuma kowane mako a bi a tsince wadda ta fara laushi. Albasar da aka cire lokacin araha, ita ce ke riƙe kicin har watannin da take tsada.

Sai maganar bashi, wadda ta fi komai damun Baba. Marigayi yana da littafi uku: na cinikin yini, na masu ci a biya ƙarshen wata, da na masu kawo kaya. Mun bi su shafi-shafi tare da shaidu biyu. Mun gode wa masu babur da leburori da ma'aikatan da suka zo da ƙafarsu suka biya abin da ke kansu, har da waɗanda ba mu samu sunansu a rubuce ba. Mun gode wa 'yan kasuwar Lahadi ta Pitowa da suka yafe nasu. Duk da haka ba kowace mu'amala ke shiga littafi ba, kuma ba a raba gado sai an sauke bashi. Saboda haka duk wanda yake bin sa wani abu, kuɗi ne, buhun hatsi ne, zubin adashe ne, ko kayan aro, don girman Allah ya zo ya faɗa, kada kunya ta hana shi. Wanda kuma marigayi ya saɓa masa a magana ko a ciniki, muna roƙon ya yafe masa.

Iyali sun zauna sun yanke cewa gidan abincin zai ci gaba a hannun ƙanensa da babbar mai girki, ba za a sallami kowa ba, kuma ribar ta marayu ce da mahaifiyarsu, a ƙarƙashin kulawar Baffa. Ita tana cikin takaba har ta cika wata huɗu da kwana goma, don haka duk maganar kasuwanci a kai wa Baffa, kada a je mata da ita. Masu maganar bashi za su same shi a shagon kowace rana bayan sallar la'asar, ban da Juma'a.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya bar zumunci.

Daga iyalan marigayi, Garwa.