Rautocin da suka ƙi ƙulla maƙwabtaka

Cikin duk abin da jarrabawar ENARSI 300-410 ta Cisco take tambaya, gyaran BGP, wato ƙa'idar da rautoci (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin cibiyoyin sadarwa) suke musayar hanyoyi da ita, shi ne ya fi cin lokacina. Haddace umarni ba ya da wuya. Aikin yana wurin da za a ba ka rauta biyu da suka ƙi ƙulla maƙwabtaka, wato haɗin da ake musayar hanyoyi ta cikinsa, a ce ka gano dalili.

A nan Damagaram ba ni da kayan gaske, GNS3, manhajar da ke kwaikwayon rautoci, na ɗora a kwamfutata, kuma da dare nake aiki saboda zafin rana yana gajiyar da na'urar. Wani yayana a sana'ar, mai aiki a wani kamfanin sadarwa, shi ya kawo dabara. Nakan haɗa rautoci su tashi lafiya, in miƙa masa kwamfutar a fadarmu ta Zango, ya ɓata abu ɗaya a ɓoye, ni kuma in nemo shi kafin shayi na uku ya sauka.

Abin da nake fara bugawa shi ne show ip bgp summary. In ƙarshen layin maƙwabci ya nuna lamba, an ƙulla. In ya nuna Idle ko Active, da sauran aiki. Yayana ya taɓa ganina ina bin layukan tsari ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce: "Ƙanena, BGP a kan TCP yake hawa, ta ƙofa ta 179. Tambayi hanya tukuna." Tun daga ranar, ping, gwajin ko saƙo yana isa, nake fara yi, kuma daga adireshin da maƙwabcin yake jira, ba daga kowanne ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne loopback, adireshin cikin rauta wanda ba ya rataye da wata ƙofar waya. Rauta biyu a AS ɗaya, wato rukunin rautoci ƙarƙashin hukuma ɗaya mai lambarsa, kowacce tana nuna adireshin loopback na ɗayar. Ping yana tafiya, amma maƙwabtaka ta tsaya a Active. Yayana ya cire update-source ne, umarnin da ke sa rauta ta fita da adireshin loopback. Ba tare da shi ba, rauta tana fita da adireshin ƙofar da ta bi, ɗayar kuwa ba ta san wannan adireshin ba, sai ta ƙi shi. Abin da ya ƙara mini fahimta: in ka cire shi a gefe ɗaya kawai, sau da yawa maƙwabtakar tana tashi, domin gefen da ke daidai shi zai buɗe haɗin. Wato kuskure yana iya kwanciya a tsari ba wanda ya lura. In kuwa AS daban-daban ne, eBGP, wato BGP tsakanin AS biyu, yana fita da TTL 1, ma'ana saƙon tsalle ɗaya kawai zai yi, sai ka sa ebgp-multihop kafin loopback biyu su gaisa.

Lambar AS da aka rubuta ba daidai ba ita ce mafi sauƙi, rautar da kanta take faɗa: saƙon NOTIFICATION 2/2, har da lambar a lissafin hex, misali FDE9 a madadin 65001. Kalmar sirri da ta saɓa kuma BADAUTH take fitarwa. Saɓanin lokutan BGP yawanci ba ya hana maƙwabtaka, ɓangarorin biyu ƙaramin hold time, lokacin jiran saƙon maƙwabci, suke ɗauka. OSPF, ƙa'idar hanyoyi ta cikin AS, shi ne yake ƙin maƙwabci in lokutan hello da dead na ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba, kuma masu karatu da yawa suna cakuɗa su.

Akwai kuma maƙwabtakar da take tashi Established, wato ta ƙullu, amma ba hanya ko ɗaya da ta shigo. Nan sai in duba umarnin network a ɗaya gefen, domin BGP ba ya shelar hanya sai tana cikin teburin hanyoyi da mask, lambar da ke nuna girman cibiyar, iri ɗaya. In hanyar ta shigo amma ba a zaɓe ta ba, next-hop, adireshin rauta ta gaba a hanyar, nake dubawa, yawanci next-hop-self ne aka cire a rautar bakin iyaka.

Yanzu yayana ya fara ɓata abu biyu a lokaci guda, ɗaya a OSPF na ƙasa, ɗaya a BGP na sama, kuma a kansu nake har ranar jarrabawa.